Godiya daga bakin rami a Ingila

Assalamu alaikum jama'a. Alhamdulillah na sauka lafiya, yau kwanana tara a Ingila amma sai yanzu na samu na zauna in yi rubutun nan, don wallahi in na taso daga aikin tonon kayan tarihin da ya kawo ni yatsuna ko waya ba sa iya riƙewa saboda sanyi.

Bayan godiya ga Allah, Inna da Baba ne a gaba, Allah ya saka muku da Aljanna. Sai Kawu na Jahun da ya kai sansa kasuwar Mararraban Liman Katagum ya sayar ya cika min kuɗin jirgi, alhali har ranar da zan taho bai gane me zan je yi ba, cewa yake "yanzu duk bokon nan da ka yi a Zariya haƙar rami za ka je yi wa Turawa?" amma duk da haka ya ƙirgo kuɗin ya ba ni. Goggo ta ba ni kwasar adashinta. Abokaina na majalisar Wunti kuwa, lokacin da biza ta yi ta jan ƙafa har sau uku ina hawa mota zuwa Abuja ina dawowa hannu rabbana, su suka hana ni cire rai, duk da tsokanar "baturen Wunti" da suka laƙaba min. Na yafe.

Akwai wani ɗan uwa Bagombe da ke karatu a Newcastle, ban taɓa ganinsa ba sai a WhatsApp, shi ya tare ni a filin jirgi da rigar sanyi a hannu, ya kai ni ɗakinsa ya tuƙa tuwon semo da kukar da Inna ta ƙullo min. Yallaɓai Allah ya biya ka. Kilishin Goggo dai a Abuja na rabar, ba a shiga da nama ƙasar.

Wurin aikin sunansa Vindolanda, tsohon barikin sojojin Rumawa ne a arewacin Ingila, kusa da ganuwar da sarkinsu Hadrian ya sa aka fara ginawa a shekarar 122 miladiyya, tsawonta wajen kilomita 117. Ni da na zaci zan ga birni, sai ga tuddai kore shar da tumaki ko'ina kamar ka je ruga da damina. Wai kuma wannan ne lokacin zafinsu! Yayyafi da iska kullum. Magariba sai kusan goma saura kwata na dare, kafin ka gyara kwanciya asuba ta yi, ranar farko agogo na yi ta zargi.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne ƙasar. Mu a gida in mun fita tono tsingaro muke samu da kashin tama da duwatsun niƙa, fata da itace kam gara ta gama da su tun tuni. Nan kuwa can ƙasa taɓo ne baƙi mai danƙo wanda iska ba ta shiga, shi ya sa abu ba ya ruɓewa, kuma in aka buɗe shi wari yake kamar turken doki. A kwana na huɗu wata tsohuwa da muke rami ɗaya, ta kai sa'ar Inna amma ta fi ni tura baro, ta kira ni in zo in gani. Tafin takalmin fata ne da ƙusoshinsa a jere, ta ɗora min a hannu da laimarsa kafin a sa shi a leda don kar ya bushe ya tsage. Kusan shekara 2,000 da wani ya cire shi. Tsigar jikina sai da ta tashi.

A nan ne a 1973 aka fara gano wasiƙun nan da aka rubuta da tawada a kan siraran falankin itace, kamar allo amma bai fi tafin hannu ba. A ciki har da wadda aka aiko wa wani soja ana gaya masa an turo masa safa da takalma da kamfai biyu. Ina jin haka na tuna Inna tana cusa min yaji a jaka tana faɗa wai abincinsu lami ne. Kuma gaskiyarta.

Malamaina na ABU da suka koya min riƙe cokalin tono da zanen rami, na gode, ba ku ba ni kunya ba, da na ba mutanen nan labarin kogwannin dutse na Marshall da tsofaffin murhunan narka ƙarfe na Yankari da zanen dutsen Geji har ajiye shayi suka yi suna tambaya.

Wanda ban ambata ba ya yi haƙuri ba raini ba ne. Masu min saƙo kan zinare don Allah a bari haka, duk abin da aka tono lamba ake ba shi a rubuta a littafi, ko ƙusa ba ta shiga aljihu. Kawu a gaya masa ramin ya kusa kai min ƙugu.