Yadda na zaɓi Ingilishi a Damagaram, da abin da koyonsa yake ci

Duk wanda ya tambaye ni harshen da ya dace ya koya, tambaya ɗaya nake mayar masa: da wa za ka yi magana da shi a cikin makon nan? Da wannan ma'auni na auna manyan harsunan duniya kafin in zauna kan Ingilishi. Majalisar Ɗinkin Duniya tana aiki da guda 6: Ingilishi, Faransanci, Larabci, Sinanci, Rashanci da Sifaniyanci. Masu jin Ingilishi sun kai wajen biliyan 1.5, masu Sinanci sun haura biliyan 1, masu Faransanci kuwa miliyan 321 a ƙidayar ƙungiyar ƙasashe masu amfani da shi ta 2022. Sai dai yawan jama'a ba ya koya wa mutum harshe. Sifaniyanci yana da ɗaruruwan miliyoyin masu magana, amma a nan Damagaram, daga unguwar Birni zuwa Zango, da wuya ka sami wanda za ku gaisa da shi.

Da na ajiye Sifaniyanci, Rashanci da Faransanci, uku ne suka rage mini: Larabci, Sinanci da Ingilishi. Larabci yana da malamai a kowace unguwa, kuma wanda ya yi makarantar allo ya riga ya san baƙaƙensa 28. Abin lura shi ne Larabcin littafi daban yake da wanda ake yi a kasuwannin Libiya ko Aljeriya, don haka mai niyyar fatauci ya san wanda yake nema. Sinanci ya shigo mana da ƙarfi tun da aka buɗe matatar mai ta SORAZ, wadda kamfanin China ya gina, a 2011. Bahaushe yana da riba a nan, domin kunnensa ya saba da hawa da saukar murya, Sinanci kuma karin sauti 4 gare shi. Rubutun ne dutsen hawa, kowane harafi sai an haddace shi shi kaɗai.

Ingilishi ya fi araha ga wanda ya yi boko a Nijar. Haruffan su ne dai na Faransanci, kuma kalmominsa masu ɗimbin yawa daga Faransanci da Latin aka aro su. Tun 2025 ma dokar ƙasa ta sa Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Kada dai a ruɗe ka da cewa sai da Ingilishi ake fatauci a Kano: ciniki a kasuwar Kwari da Hausa ake yi. Inda Ingilishi yake biyan ka shi ne takardun kaya, littafin gyaran inji, neman gurbin karatu, da galibin abin da ke intanet.

Ga lissafin lokaci, wanda mutane ba sa son ji. Masu shirya jarrabawar Ingilishi ta Cambridge sun kiyasta awa 180 zuwa 200 na darasi kafin matakin A2, wato na masu farawa, da awa 350 zuwa 400 kafin B1, inda mutum zai iya riƙe hira shi kaɗai. Awa guda kullum ke nan har shekara ta zagayo da ɗoriya. Nakan raba awar uku. Minti 20 bayan asuba na bitar kalmomi, sababbi kada su wuce 10, kowace a cikin jimlarta a rubuce a kaye, a sake duba ta washegari, bayan kwana 3, sannan bayan mako. Minti 20 na saurare: labari ɗan gajere a salula, a ji shi sau 3, na ƙarshe ana bin mai maganar da baki. Sauran minti 20 na magana da mutum. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ƴan kasuwar da ke zuwa daga Najeriya sun isa abokan hira, sai dai a bambance Ingilishi da Buroka.

Matsalar da ta fi yi wa ƴan Nijar illa ita ce karanta Ingilishi da bakin Faransanci. Ido yana gane kalma, sai harshe ya furta ta yadda aka saba a lakwal, mai saurare kuma bai gane ba. Dalili shi ne Faransanci yana sauke nauyin murya a ƙarshe, Ingilishi kuwa kowace kalma da gaɓar da ake dannawa. Maganinsa kada ka furta sabuwar kalma sai ka ji ta tukuna. Sai P da F, waɗanda bakin Bahaushe yake haɗawa wuri ɗaya. Riƙe ƴar takarda a gaban leɓɓanka: a P leɓɓa suna rufewa, iska ta fashe ta kaɗa takardar, a F haƙoran sama ne ke taɓa leɓen ƙasa.

Lambobi ma a ba su mako guda cur. Sha biyar da hamsin, ko sha uku da talatin, kusan sautinsu ɗaya a Ingilishi, bambancin yana ƙarshen kalma da inda aka danna. In magana ta kuɗi ce, ka sa a rubuta maka adadin a waya kafin ka ce ka amince.