Abin da Na Koya a Madafin Wata Dattijuwa a Zanzibar

Kwanana biyu a Zanzibar na saɓa alkawari ba da sanina ba. Dattijuwar da na sauka a gidanta, a wani lungu na Stone Town, tsohon garin Zanzibar, ta ce mu haɗu a ƙofar gida da "saa nne" mu je kasuwa. Ɗan Swahilin da na tsinta ya nuna mini ƙarfe huɗu take nufi, sai na fita yawona tun da sassafe, ban dawo ba sai da aka yi la'asar. Ashe su daga fitowar rana suke fara ƙirga awa. Bakwai na safe ita ce ƙarfe ɗayansu, huɗunsu kuwa goma na safe ke nan. Ta jira ni da kwandonta har rana ta take. Da na ba ta haƙuri, cewa kawai ta yi, "Pole pole, mwanangu," wato sannu-sannu, 'yata. Daga ranar na koma kiranta Mama, kullum da safe in gaishe ta da "Shikamoo", ta amsa da "Marahaba", kamar yadda yaro yake gaida babba a wurinsu.

Na je ne da dogon jerin wuraren da nake son gani. Awa biyu jirgin ruwa ya yi da mu daga Dar es Salaam zuwa Unguja, babban tsibirin da mutanen waje suke kira Zanzibar, kuma tun a cikin jirgin nake lissafin kwanakina. Na ga wasu daga cikin wuraren, ba zan ce ban ƙaru ba. Na shiga tsohuwar ganuwar da suke kira Ngome Kongwe, na tsaya a Mkunazini inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, wurin da har yanzu in na tuna shi jikina yakan yi sanyi. Na bi ƙofofin katako masu sassaƙa, na Larabawan Oman masu kusurwa huɗu da rubutun Larabci a samansu, da na Indiyawa masu baka da ƙusoshin tagulla. Tun 2000 hukumar UNESCO ta sa garin cikin wuraren tarihi na duniya, kuma ya cancanta. Amma abin da ya zauna mini a rai a madafin Mama na samo shi.

Washegari muka je kasuwar Darajani. Tun daga nesa ƙamshin kanumfari da kirfa da masoro yake haɗuwa da ƙarnin kifi. Kanumfari shi ne arzikin da sarakunan Oman suka kafa mulkinsu a kai a ƙarni na 19, ko da yake yau mafi yawansa daga tsibirin Pemba yake fitowa. Mama ba ta tsaya nan ba, wurin masu kwakwa ta ja ni. Ta nuna mini cewa suna biyu ne: ɗanya mai ruwan sha ita ce dafu, wadda ta ƙosa ake girki da ita kuwa nazi. Takan ɗauki ɗaya ta girgiza a kusa da kunnenta, in ba ta ji motsin ruwa sosai ba ta mayar. Sai da ta mayar da biyar kafin ta zaɓi uku. Muka sayi pweza, wata halittar teku mai hannuwa takwas wadda mata suke zaƙulowa da sanda daga ramukan duwatsu idan ruwa ya janye. Ana bubbuga ta a kan dutse ko rairayi kafin a dafa, in ba haka ba sai ta yi tauri kamar roba.

A gida ta jawo wata 'yar kujerar katako mai naɗewa, da wani ƙarfe mai haƙora a bakinta. Sunanta mbuzi, wato akuya. Za ki zauna a kai ki karkace, ki riƙe ɓarin kwakwa da hannu biyu ki riƙa goga cikinsa a haƙoran, farin garin yana zuba a faranti. A ido abu ne mai sauƙi. Da na zauna, ƙarfi na sa, sai ga baƙin ɓawo yana biyo farin, kuma na kankare ɗan yatsana. Mama ta dafa hannuna ta juya kwakwar kaɗan, ta sake juyawa, tana nuna mini cewa juyin ne yake aikin, ƙarfi ba ya ƙara komai. Ita in tana gogawa sautin yakan tafi daidai kamar kiɗa, tana hira ba ta ko kallon hannunta. Ɓari guda ya ci mini kusan rabin awa.

Bayan guga sai matsa. Aka zuba garin a kifumbu, wata jakar saƙa mai tsawo ta ganyen dabinon daji, aka ɗan yayyafa ruwan ɗumi aka murɗa. Abin da ya fara fita fari tas, mai kauri kamar kindirmo, shi ne tui zito, aka ajiye shi gefe. Aka ƙara ruwa aka sake matsawa, aka sami mai tsinkewa, tui jepesi. Ni da farko haɗe su na so yi, tunda duk ruwan kwakwa ne. Nan Mama ta ɗaga murya, karo ɗaya tak a duk zamana. Da mai tsinkewar ake dafa shinkafa da pweza, tare da albasa da tafarnuwa da kurkur da tumatir, ya tafasa iya son ransa. Mai kaurin sai an kusa saukewa ake zubawa, a rage wuta, a yi ta juyawa a hankali, don in ya tafasa da ƙarfi zai kece, mai ya koma gefe guda. A ƙarshe aka matsa lemon tsami. Shinkafar kuma ta kwashe garwashi ta ɗora a kan murfin, wuta sama wuta ƙasa. Ƙanzon gindin tukunya, ukoko, jikokinta ta ajiye wa.

Na ci abinci a Forodhani, filin bakin teku da yake cika da fitilu da hayaƙin gashi bayan magariba. Urojo ya burge ni, wani romo mai tsami ruwan ɗorawa da ake zuba wa dankali da soyayyen rogo da yaji, haka ruwan rake da aka matse da citta da lemon tsami. Duk da haka ra'ayina shi ne, wanda ya tsaya a Forodhani kaɗai bai ci abincin Zanzibar ba tukuna, don yawancin teburan wurin domin baƙi aka shirya su.

Zanin kanga ma a hannun Mama na san shi. Na sayo bibbiyu, yadda ake sayar da shi, don launinsa ya yi mini kyau. Kafin in ɗaura ta karɓa ta shimfiɗa ta karanta rubutun da yake ƙasan zanen, sannan ta miƙo mini ta ce wannan addu'a ce, babu laifi. Kowane kanga da maganarsa: wani godiya, wani soyayya, wani kuwa habaici ne tsagwaronsa ga kishiya ko maƙwabciya. Mace takan ɗaura shi ta wuce ta gaban wadda take nufi ba ta ce uffan ba, saƙo ya isa. Baƙuwar da ba ta iya karantawa ba tana iya ɗaukar faɗan da ba nata ba.

Wannan ya taimake ni a daren da muka je bikin auren wata 'yar uwarta, inda na fara jin kiɗan taarab ido da ido. Sunan daga Larabci yake, daga kalmar da take nufin shauƙin da kiɗa yake sa wa zuciya. Makaɗan a zaune suke cikin shiga ta kamala, da gogen Turawa da yawa, da udi, wato molon Larabawa, da ganguna ƙanana, da wani faffaɗan katako mai tsirkiya fiye da 70 da ake kira kanun, wanda ake ɗorawa a cinya a kaɗa da 'yan yatsu. A fadar Sarki Barghash, wanda ya yi mulki daga 1870 zuwa 1888, kiɗan ya fara kafuwa da salon Masar, da Larabci ake rera shi. Siti binti Saad, 'yar talakawa daga ƙauyen Fumba, ita ta fito da shi ga jama'a da harshen Swahili, har ta je Bombay aka ɗauki muryarta a faifai a 1928. Ƙungiyar Ikhwani Safaa da aka kafa a 1905 tana cikin tsofaffin ƙungiyoyin kiɗa na nahiyar.

Na zaci rawa za a tashi a yi, sai na ga kowa a zaune yana sauraron baiti. Can wata mata ta miƙe a hankali, takardar shilin a tsakanin yatsunta, tana rangaji tana kaɗa ta a sama. Ta bi ta gaban wani layin kujeru, ta ɗan dakata, sannan ta ƙarasa ta ba mawaƙiyar. Mata suka ɗauki guɗa. Mama ta raɗa mini cewa baitin a kan mai baƙin ciki da arzikin wani yake, kuma duk wanda yake wurin ya san dalilin tsayuwar nan. Ban ji kalmomin ba sai ɗaiɗaiku da suka yi kama da namu, dunia da sababu da habari, amma na bar ɗaukar hoto na zauna ina kallon wa zai tashi a wane baiti.

Ana gobe zan tafi, Mama ta zauna a baraza, dakalin dutsen ƙofar gida, da ƙaramin kofin gahawa, ta ce yau girki nawa ne. Na goge kwakwa biyu ba baƙi ko ɗaya a ciki, na raba matsar farko da ta biyu, na tsaya a kan tukunya ina juyawa har na sauke. Ta ɗebo romon a cokali ta zuba a tafin hannunta ta lasa, ta ce gishiri ya ɗan gaza, amma tui bai kece ba. Da asuba na tarar ta naɗe mini kifumbu sabo a cikin kangar nan tawa, ta ɗora a kan jakata, ta tuna mini cewa jirgina na "saa moja" ne.