Bart ya ƙi cika shekara goma sha ɗaya

Ni da ƙanena ba mu cika samun saɓani ba, amma duk ranar da aka ambaci The Simpsons, shirin katun na Amurka a kan iyalin yaron nan Bart, sai wayoyinmu sun yi zafi. A watan Afrilun 2025 labari ya fito cewa tashar Fox ta Amurka ta ƙara wa shirin zango huɗu a lokaci guda, wato zai kai zango na 40. Shi ya fara turo min. Abin da ya rubuta kawai shi ne, "Yaya, ka gani ko?" Na gani. Family Guy da Bob's Burgers ma zango huɗu-huɗu aka ƙara musu, American Dad kuma aka dawo da shi Fox bayan shekarun da ya yi a tashar TBS. Shi murna yake yi. Ni kuwa wani nauyi na ji a ƙirjina, kuma sai da na yi kwanaki kafin in gane daga inda ya taso.

Shekara takwas ne tsakaninmu, kuma a harkar katun wannan ba ƙaramar tazara ba ce. Ni a faifan DVD na san Simpsons, tsofaffin zanguna, masu zanen hannu da launin da wani lokaci yake ɗan kaucewa layi. Shi kuwa da ya fara kallo tuni hoton ya koma mai faɗi, fes, tun canjin da aka yi a 2009. Abin da nake kira Simpsons da abin da yake kira Simpsons suna ne kawai ya haɗa su.

Duk wanda ya taɓa zama cikin masoyan shirin ya san karatun da ake bitawa. Zamanin zinariya daga zango na 3 ne zuwa na 8, wasu su ƙara ɗaya, wasu su rage ɗaya. A nan ne ake da kashin jirgin ƙasan nan mai layi ɗaya na 1993, wanda Conan O'Brien ya rubuta, inda wani ɗan damfara ya zo da waƙa ya yaudari garin Springfield gaba ɗaya. Sai kuma a nuna ranar da aka ce komai ya fara lalacewa: 1997, kashin "The Principal and the Pauper", inda aka ce shugaban makaranta Skinner, mutumin da muka yi shekara takwas muna kallo, ashe sojan gona ne, sunansa na gaskiya Armin Tamzarian. A ƙarshen kashin alƙali ya hana kowa sake tayar da maganar, aka ci gaba kamar ba a yi ba. Harry Shearer, wanda shi ke yin muryar Skinner, da bakinsa ya fito ya ce bai ji daɗin labarin ba. Na yi shekaru ina maimaita wannan karatun, har na haddace shi.

Ƙanena amsa ɗaya yake ba ni: "Yaya, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Yaushe rabonka da ka kalli sabon kashi daga farko har ƙarshe?" Gaskiya ya faɗa, na daɗe ban kalla ba. Ya zaɓo min ɗaya daga zango na 33, na shekarar 2022, mai suna "Pixelated and Afraid", ya ce in ban ji komai ba ba zai ƙara yi min maganar ba.

Homer da Marge, iyayen Bart, ne su kaɗai. Motarsu ta kauce hanya a cikin daji ana tsananin sanyi, babu waya, babu kowa. Barkwancin kaɗan ne, babu wani shahararren baƙo da aka gayyato, babu rububin 'yan gari. Mata da miji ne da suka daɗe tare har suka daina ganin juna, yunwa da sanyi suka sa suka sake dubawa. Akwai wurin da suke tafiya a ƙasa cikin itatuwa shiru, ba wanda ya ce uffan, aka bar hoton ya yi magana. Da ya ƙare na kira shi na ce na janye rabin maganata. Masu cewa marubutan yanzu ba su iya ba, ba sa kallo ne. Sun iya.

Sauran rabin maganar shi ne ban janye ba, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan.

Tun 17 ga Disambar 1989 da shirin ya fara a matsayin mai zaman kansa, Bart shekararsa goma, Lisa takwas, Maggie tana tsotson robarta. Wannan ba laifi ba ne, haka katun yake. Amma ka duba abin da hakan ya jawo wa iyayensu. A wani kashi na 1991 an nuna mana Homer ya haɗu da Marge suna makarantar sakandare a 1974, da kayan zamanin da waƙoƙin zamanin. A 2008 aka sake ba da labarin ƙuruciyarsu, sai ga shi a shekarun 1990 suke saurayi da budurwa. A 2021 kuma aka mayar da Homer ɗan matashi a waɗancan shekarun na 1990, wato shekarun da muka san shi yana da 'ya'ya uku yana aiki a tashar nukiliya. Kowane sabon zango sai ya goge wani abu daga baya don ya samu wurin tsayawa. Mutumin da ba shi da jiya tabbatacciya, da wuya ka damu da gobensa.

Su kuwa mutanen da ke bayan zanen, lokaci bai bar su ba. An kashe Phil Hartman a 1998, aka ajiye Troy McClure da lauya Lionel Hutz, waɗanda yake yi wa murya, har abada. Marcia Wallace ta rasu a 2013, malama Krabappel da take yi wa murya ta bar aji. Pamela Hayden ta yi ritaya a 2024 bayan shekara 35 tana yin muryar Milhouse, abokin Bart. Julie Kavner, mai muryar Marge, an haife ta a 1950, kuma duk mai kunne yana jin yadda muryar ta dushe. Ba na faɗin haka don in rage mata daraja, ina ƙaunar muryar nan. Amma idan na ji ta tana fitowa daga bakin matar da har yanzu ake ce mana ba ta kai arba'in ba, sai tausayi ya riga dariya isowa.

Marubutan ma sun san da haka. Kashin da ya buɗe zango na 36 a Satumbar 2024, "Bart's Birthday", an shirya shi kamar shi ne na ƙarshe, Conan O'Brien ya dawo yana gabatarwa. Komai na Springfield ya fara canzawa, kowa yana sallama yana kashe fitila, Bart kuma zai cika sha ɗaya. Yaron ya firgita, ya ƙi yarda, ya yi ta bore har komai ya koma yadda yake, ya sake zama ɗan shekara goma. Ƙanena ya ce wannan shi ne kashi mafi hikima da suka yi a shekara goma. Ni ma na ga hikimar. Amma na tashi daga kallon da baƙin ciki, don shirin ya dubi ƙofar da nake so ya shiga, ya nuna min ya gan ta, sannan ya rufe.

Dalilin rufewar ba ɓoyayye ba ne. Ɗan wasan da aka zana ba ya tsufa, ba ya neman hutu, in mai murya ya tafi a samo wani. Rick and Morty ya gwada haka a 2023: aka sallami Justin Roiland mai muryar Rick da Morty, aka kawo Ian Cardoni da Harry Belden, masoya suka yi ta cacar baki na 'yan makonni, shirin ya ci gaba. Tun 2019 Simpsons mallakar Disney ne, kuma ɗaruruwan kashin da ke jibge a Disney+ dukiya ce da kowane sabon zango ke ƙara wa daraja. A 2025 Paramount ta ƙulla yarjejeniyar dala biliyan 1.5 da Trey Parker da Matt Stone a kan South Park, shirin katun da suka ƙirƙiro. Wanda ke da irin wannan saniyar tatsa ba zai bari wani marubuci ya canza mata kama ba. South Park dai nasa salon daban ne, a kwana shida suke haɗa kashi, shi ya sa yake tafiya da labaran mako, shi ya sa kuma wasu kashin nasa ke tsufa kafin shekara ta zagayo. Simpsons yana ɗaukar fiye da wata shida kafin kashi ɗaya ya kammala, har da aikin zane a Koriya ta Kudu, don haka duk sanda ya ce zai bi yayi sai ya iso bayan an watse.

Family Guy ba zan daɗe a kansa ba. A 2013 suka kashe karen gidan, Brian, mota ta take shi, masoya suka yi ca, kafin wata ɗaya ya cika aka dawo da shi da na'urar komawa baya. Daga ranar na daina yarda da duk wani hawaye da shirin ya nema a wurina.

Abin da ya fi min ciwo shi ne na Futurama. Kashin "Jurassic Bark" na 2002, wanda Seymour, karen Fry jarumin shirin, ya zauna a ƙofar shagon da ubangidansa yake aiki yana jiran dawowarsa shekara goma sha biyu, rani da damina, har ya kwanta ya rufe ido. Ban san wani minti ɗaya a katun da ya kai wannan nauyi ba, kuma nauyinsa daga wucewar lokaci ya zo, lokacin da ba ya dawowa. A 2007 da aka farfaɗo da shirin sai aka ƙirƙiro wani Fry na biyu da ya koma baya ya zauna da karen. Wasu sun ji sanyi a ransu. Ni na ji kamar an karɓe min wani abu da na riga na biya kuɗinsa da hawaye.

To sai ga King of the Hill a Agustan 2025, a dandalin kallo na Hulu, bayan shekara goma sha biyar da tsayawa. Ban sa rai da komai ba. Tun daga waƙar buɗewa na gyara zama. Lungun nan ne dai, inda Hank da abokansa uku suke tsayawa bakin katanga da gwangwani a hannu, amma sai aka bar shekaru suna wucewa a guje: Hank da matarsa Peggy sun loda kaya sun tafi, an sa takunkumin annoba an cire, yara sun yi tsawo. Da labarin ya fara, Hank ya dawo daga Saudiyya inda ya yi shekaru yana aikin gas, furfura ta fito masa, ya yi ritaya, garinsu Arlen ya zama baƙo a idonsa. Bobby, yaron da babansa ya yi zango goma sha uku bai gane kansa ba, yanzu shekararsa 21, yana dafa abinci a gidan cin abincin da yake gudanarwa a Dallas. Dariyar ba ta ragu ba, ƙaruwa ta yi, don yanzu akwai abin da za a yi dariya a kai: uban da ya saba ba da umarni yana koyon yadda ake magana da ɗan da ya zama mutum. Johnny Hardwick, mai muryar Dale abokin Hank, ya rasu a 2023 bayan ya ɗauki wasu kashin, Toby Huss ya ƙarasa. Ko wannan ban ji ya yi min banbaraƙwai ba, don shirin ya riga ya yarda cewa mutane suna canzawa.

Na ɗauka da wannan na gama da ƙanena. Sai ya ce, "Yaya, Bob's Burgers fa? Tun 2011 Tina tana sha uku, Gene sha ɗaya, Louise tara. Ban taɓa jin ka yi ƙorafi ba." Ya kama ni, don ina son shirin nan sosai. Na kwana ina juya maganar. Abin da na gano shi ne ba shekarun ne ainihin damuwata ba. Iyalan Belcher, wato gidan Bob, ba sa girma, amma suna tunawa. Haya tana nan tana jiran Bob kowane wata, kuma abin da ke tsakanin yaran yana taruwa a hankali. A kashin Kirsimetin 2022, yaran uku kowa yana da wasan da zai yi a wuri daban a lokaci guda, iyaye kuma biyu ne. Louise, wadda kullum take nuna ba ruwanta da kowa, ta ce kada wanda ya damu da zuwa wurin karatun waƙarta. Tina ce ta gane ƙarya take yi, ta bar nata wasan ta ruga ɗakin karatu don ƙanwarta ta ɗaga kai ta ga wani nata. Wannan ba zai taɓa zuciya ba sai don shekara goma sha ɗaya da aka yi ana gina Louise ba tare da an rushe ta don neman dariyar mako ɗaya ba. Skinner kuwa rushe shi aka yi, aka ce mu manta.

Don haka in aka tambaye ni me nake so daga zangunan da ke tafe, ba na cikin masu cewa a rufe Simpsons. Akwai ɗaruruwan mutane da ke cin abinci a nan, kuma na ga abin da za su iya in an sakar musu mara. Suna da tabbacin aiki har zango na 40, irin tabbacin da kusan babu wani ɗakin marubuta da yake da shi. Ina so su yi amfani da shi su bar abu ɗaya ya faru ya zauna. Lisa ta wuce aji na gaba. Homer ya tuna daren da ya kwana a daji da matarsa, ya ambace shi bayan kashi goma. Moe mai mashaya ya samu abokiyar zama, kada a ƙwace masa ita kafin minti ashirin da biyu su cika.

Ƙanena bai yarda ba har yanzu. Ya ce shi in ya dawo aiki a gajiye, abin da yake nema shi ne gidan da ya san kujerar tana inda ya bar ta, kuma duniya ta ishe shi da canji. Ban da amsar da ta fi tasa ƙarfi. Mun yi yarjejeniya dai: zan kalli kashi biyar na farko na sabon zangon Simpsons ba tare da na kwatanta su da na 1993 ba, shi kuma zai fara King of the Hill tun daga zango na 1, don bai taɓa gani ba. Jiya da daddare ya turo min saƙo yana kashi na shida. Ya ce, "Yaya, wai me ya sa Hank ba ya iya ce wa Bobby yana sonsa?" Na ce masa ya ci gaba da kallo.