Adireshin da ba shi da lambar gida: aika saƙo karkarar Ayalan

Duk wanda ya tsaya a ofishin aika kaya a Jidda ko Makka da kwalin dabino zai aika wa ɗa ko ƙani da ke aiki a karkarar Ayalan, ya san inda ake cijewa: ma'aikaci ya ce "ina lambar gida, ina sunan titi?" Babu. Abin da ke rubuce sunan mutum ne, sai wani suna kamar Kilmore, sai gari mafi kusa, sai gunduma.

Wannan suna na biyu shi ne taunland, yanki mafi ƙanƙanta a rabon ƙasar Ayalan. Sun haura 60,000 a tsibirin. Matsakaicinsu eka ɗari uku da ɗoriya ne, amma girman yana bin ƙarfin ƙasa: inda gona ke da albarka sai yankin ya zama ƙarami, inda dutse da fadama ne sai ya yi faɗi. Iyakarsa galibi rafi ne, ko katangar duwatsu da aka jera ba siminti. Tun kafin mulkin Ingila suke, amma safiyon gwamnati na shekarun 1830 ne ya zana su a taswira, ya kuma rubuta sunayensu da harufan Turanci.

A nan aka yi ɓarna. Galibin sunayen na Gelik ne, harshen asali na mutanen Ayalan, kuma bayanin wuri ne. Knock daga cnoc, tudu. Derry daga doire, kurmin itacen oak. Bally daga baile, mazauni. Amma Kil na iya zama cill, coci, ko coill, daji. Turanci ya haɗe su wuri ɗaya. Shi ya sa Kilmore take a gundumomi da dama, kuma kwalin da aka manta sunan gundumarsa zai yi ta yawo.

Wata matsalar kuma, a taunland ɗaya za ka tarar da gidaje biyar duk sunan kakansu ɗaya. A da, mai raba wasiƙa ne ya san kowa da sunansa na yanka. Direban kamfanin aika kaya bai san kowa ba.

Maganin shi ne Eircode, lambar adireshi ta kowane gida, wadda aka fito da ita a 2015. Haruffa da lambobi bakwai ne: uku na farko yanki, huɗu na ƙarshe gidan kansa, kamar gajeren Unwanul Waɗani, wato adireshin ƙasa da muka saba da shi a nan Saudiyya. Kada a zaci gidan maƙwabci lambarsa na bin ta ɗanka; huɗun ƙarshe ba a jere suke ba. A sa ya turo ta a rubuce ta WhatsApp, ba da murya ba. A rubuta suna cikakke, taunland, gari, gunduma, sannan Eircode a layinta, da lambar wayarsa mai farawa da +353. In kuwa Ayalan ta Arewa yake, babu Eircode. Lambarsu ta Birtaniya ce, tana farawa da BT.