Abin da na koya a asibitin coci a gefen Khartum

Duk Bahaushen da ya tashi a Maiwurno ko Gadarif ko unguwannin kudancin Khartum ya san irin kallon da iyayenmu suke yi wa asibitin mishan. Kakanninmu gudun mulkin Nasara ne ya kawo da yawansu nan. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya rasu, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja jama'a suka yi gabas har suka sauka a bakin Nilu kusa da Sinnar. Wanda ya gaji wannan labari ba sai an yi masa dogon bayani ba kafin ya yi ɗari-ɗari da ginin da aka kafa wa gicciye a ka. Da na gama karatun jinya a Madani na samu aiki a wani ƙaramin asibitin coci a gefen Khartum, kawuna bai hana ni ba. Cewa ya yi, "Ɗana, ka riƙe sallarka, ka kuma buɗe idonka."

Wurin ba wani babba ba ne: ɗakin ganin marasa lafiya, ɗakin haihuwa, ɗakin awon jini da majina, tagar karɓar magani, sai doguwar rumfa inda ake jiran layi. Sistocin coci ne ke riƙe da shi, babbarsu tsohuwa ce 'yar Italiya wadda take Larabcin Sudan kamar haifaffiyar Umdurman. Ma'aikata kuwa gauraye muke, da Nuba da Dinka da Fur da Larabawa da mu Hausawa. Masu zuwa neman magani galibi mutanen da yaƙin Kudu da na Duwatsun Nuba ya koro ne, da waɗanda fari na 1984 ya taso daga Kordofan da Darfur, sai namu na unguwar Mayo da kewaye, masu tura baro da masu yankan farce da mata masu sayar da gyaɗa da shayi.

An ajiye ni a sashen tarin fuka, kuma a nan na koyi abin da ba a koya mini a makaranta ba. A aji an ce mana maganin tarin fuka wata shida ne: wata biyu na farko ana shan magani iri huɗu, wata huɗu na baya iri biyu, ana awon majina a ƙarshen wata na biyu da na biyar da na shida. Wannan gaskiya ne, kowa na iya haddace shi. Abin da littafi bai faɗa ba shi ne, bayan 'yan makonni tari yakan lafa, zazzaɓin dare ya tafi, mutum ya ji ƙarfi a jikinsa, ya tuna yana da baki bakwai a gida da ke jiran abinci. Daga ranar ba za ka sake ganinsa ba sai ya dawo yana tofar da jini, wataƙila da ƙwayar cutar da ta daina jin magani, ya kuma riga ya raba ta ga waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi.

Sista tana da wani ƙaton littafin rajista mai baƙin bango. Ni a farko na ɗauka son rubutu ne irin na Turawa. A unguwanninmu babu lambar gida, saboda haka a gaban sunan kowane mara lafiya akwai kwatance: bayan injin niƙa, gidan da ke da bishiyar darbejiya, a tambayi mai shayin bakin tasha. Akwai sunan wanda ya tsaya masa, akwai irin aikin da yake yi, da watan da yakan bar gari. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa sai an duba waɗanda ba su zo karɓar magani jiya ba. Mutum ya yi kwana biyu bai zo ba, da la'asar ɗayanmu zai shiga raksha, babur mai ƙafa uku, ya bi shi gida. Ba ta yarda a rubuta "ya gudu" a gaban sunan kowa ba sai an je an gano dalili. Kuma dalilin kusan kullum ƙarami ne, abin da za ka ji kunyar faɗa a taron likitoci: kuɗin mota, ko maigidan aiki ya ce in ya sake makara a bakin aikinsa, ko matar tana tsoron kishiya ta gane irin ciwon da take fama da shi, ko an ga fitsari ya koma ja aka tsorata. Wannan na ƙarshe aikin rifampisin ne, ɗaya daga cikin magungunan tarin fukan, ba ya nuna wata illa, amma in ba ka gaya wa mutum tun ranar farko ba, ka rasa shi.

Mutanenmu ni ake tura wa. Na gane da wuri cewa in ka je gidan Bahaushe kai tsaye da farar riga, ka tona masa asiri a unguwa. Sai in tuɓe rigar, in bi ta wajen liman ko dattijon layin a gaisa, in shiga kamar ɗan'uwan da ya zo dubiya. Da kaka kuma wata matsalar ce, domin maza suna tafiya Gadarif yankan riɗi da girbin dawa, kuma babu wa'azin da zai hana talaka bin kuɗin shekararsa. Abin da muke yi shi ne mu tambaye shi tun damina ina zai sauka, a rubuta masa takardar da zai kai asibitin da ya fi kusa, a cika masa katinsa. Akwai kuma batun ciki. Maganin yana buɗe wa mutum cin abinci, wanda ba shi da abin ci kuwa sai ya ga maganin ne ke wahalar da shi. Shi ya sa ɗan adas (wani irin ƙaramin wake) da mai da garin dawa da ake ba su duk mako ba kyauta ba ce ta neman suna, cikin maganin take.

Wani dattijo daga cikin namu ya taɓa zuwa da kwalbar rubutu a aljihu, yana ɓoye ta kamar ya yi sata. Sista ta hango, ta tambaye ni mene ne. Na gaya mata. Ta ce in tambaye shi ko zai iya haɗiye ƙwayoyin da shi. Na ce, "Baba, ta ce ko za ka riƙa korawa da rubutun." Ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "Ashe matar nan tana da hankali." Haka ya yi har ya cika watanninsa. Na ga likitoci Musulmi 'yan'uwana da suke yi wa irin wannan dattijo tsawa a kan rubutu, su kore shi daga asibiti da bakinsu ba tare da sun sani ba.

To, sai maganar da kowa yake so ya yi mini in ya ji inda na yi aiki: ba su nemi su juya ka ba? Ba zan yi wa kowa ado ba. 'Yan mishan ba yawon shan iska ya kawo su Afirka ba, bishara suka zo yaɗawa, kuma ba su taɓa ɓoye haka ba. A Sudan ma tarihin a fili yake. Turawan Ingila sun hana su yi wa Musulmin arewa wa'azi a fili don gudun tayar da fitina bayan zamanin Mahadi, sai ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wato CMS, ta mayar da ƙarfinta ga makarantu da asibiti a Umdurman. Wannan asibitin daga baya ya koma hannun gwamnati, shi ne ya zama asibitin masu taɓin hankali na Tijani al-Mahi. A 1962 aka kafa dokar da ta ɗaure ayyukan mishan, a 1964 aka kori 'yan mishan baƙi daga Kudu. 'Yan'uwanmu na Najeriya da Nijar sun san irin wannan labari a asibitocin mishan na Vom da Galmi. A inda na yi aiki, ma'aikata Kirista suna addu'arsu da safe, mu ba a taɓa kiran mu ba, kuma ranar Juma'a ana sakin mu kafin azahar. Amma lokaci lokaci wasu baƙi sukan zo daga waje na 'yan kwanaki, da kyamara da ƙananan takardu, suna son su tsaya a kan gadon mara lafiya su yi masa addu'a. Wannan ban taɓa jin daɗinsa ba, kuma har yau ina ganin ba daidai ba ne. Wanda yake kwance yana jiran allura daga hannunka ba ya da bakin cewa a'a. Duk abin da ka karɓa daga gare shi a wannan hali, ko addini ne ko hoto, ba da yardarsa ka karɓa ba. Na lura waɗanda suka fi daɗewa a ƙasar su suka fi kiyaye wannan iyaka, tsohuwar Sistar ma takan janye irin waɗannan baƙi zuwa ofis ta ba su shayi har lokacin dubiya ya wuce.

Daɗewar nan ita ce asirin aikinsu, ba kayan aiki ba, domin madubin awon majinarmu ya girmi wasu ma'aikatan. Matar da aka karɓi haihuwarta a wurin ita ce take kawo 'yarta awon ciki, ta tarar da fuskar da ta sani. Misalin da duniya ta fi ji shi ne na Dakta Tom Catena, Ba'amurken da yake asibitin Katolika na Gidel a Duwatsun Nuba tun buɗe shi a 2008. Da yaƙi ya sake ɓarkewa a 2011 bai fita ba, jiragen sama sun jefa bama-bamai a wurin a 2014 yana nan, a 2017 aka ba shi lambar yabo ta Aurora. Ya cancanci yabo. Sai dai wanda ya yi aiki a irin wannan wuri ya san rauninsa: asibitin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya da aljihun masu taimako na wata ƙasa, ranar da mutumin ya kwanta ko aljihun ya rufe, kowa ya shiga uku. Mun ga shekarar da kuɗi ya yanke aka daina rabon adas, muka ga yadda sunaye suka riƙa ɓacewa daga layi. Abin da ya fi amfani a duk aikinsu, a ganina, shi ne 'yan ƙasa da suka koyar, masu jinya da ungozomomi da masu awo.

Nakan ji zafi idan wani ya ce mu Musulmi ba mu da tausayi irin nasu. Wanda ya bi hanyar Madani da azumi ya ga yadda mutanen ƙauye suke tare motoci don a sauko a sha ruwa ba zai faɗi haka ba. Matasan ƙungiyar sa kai ta Shari' al-Hawadis a Khartum sun shekara suna tara kuɗi ta Facebook suna saya wa yara magani, har suka gina ɗakin kula da yara masu tsananin ciwo a Umdurman a 2015, suka sa wata mai sayar da shayi ta yanke kyallen buɗewa. Hannunmu a buɗe yake. Inda muke da rauni shi ne aikin da ba ya ƙarewa a rana ɗaya. Attajirinmu zai biya kuɗin tiyatar mutum goma a zama ɗaya, amma ka ce ya ɗauki albashin wanda zai riƙa bin masu tarin fuka gida gida har shekara biyar, sai ya ce zai duba.

Yaƙin da ya tashi ranar 15 ga Afrilu, 2023 ya rufe asibitin, ya watsa mu. Ni na ƙare a wata cibiyar lafiya a jihar Gadarif, ƙasar kala-azar, ciwon zazzaɓi mai kumbura saifa, inda ƙudan da ke ɗauke da cutar yake zaune a tsagin baƙar ƙasa da gindin aduwa. Maganinsa allurai biyu ne kullum har kwana 17, masu zafi, kuma manomi yana jin sauƙi sai ya fara hangen gonarsa. Na sayi littafi a kasuwa na ja layuka, na ƙara gurbin kwatance da na wanda ya tsaya wa mutum. Abokan aikina sun yi mini dariya makon farko, yanzu su suke tambaya wa bai zo ba jiya.

Waɗanda suka fi ba mu wahala su ne masu tarin fuka da suka gudo daga Khartum da Madani da Sinja, babu kati, babu takarda. Sai ka zauna da mutum kuna lissafi da shi: ƙwaya nawa kake sha, wane launi ce, kafin ƙaramar salla ka fara ko bayanta, a wane gari ta ƙare maka. In tsayawar ta kai wata biyu, kuma galibinsu ta wuce haka, babu batun ɗorawa daga inda aka tsaya. Sai a sake karɓar majina, a tura ta inda na'urar GeneXpert take a duba ko ƙwayar cutar tana jin rifampisin har yanzu, sannan a buɗe masa sabon kati.