Tarihin Rayuwata, Kashi na 4: Illelar Adar da Ƙasarta

Makon jiya na tsaya a kan haihuwata. Wannan makon zan ajiye kaina gefe in yi maganar garin, don wanda bai san ƙasar Adar ba, abin da zai biyo baya ba zai zauna masa ba.

Illelar da nake nufi tana jahar Tawa a Nijar, ban da ta Sakkwato da ke bakin iyaka kusa da Ƙonni. In ka baro Tawa ka yi kudu, a Badagishiri ake ratsewa yamma. Hedikwatar gunduma ce, nan ferefe, wato shugaban gunduma, yake zaune, nan kuma fadar Sarkin Adar take. Sarautar ta samo tushe daga Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, wanda ya ci Adar da yaƙi a ƙarshen ƙarni na 17. Birnin Adar aka fara zama, daga baya sarauta ta komo Illela.

Shekararmu rani ya cinye mafi yawanta. Hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, bazara a Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40. Damina kuwa daga Yuni ne zuwa Satumba, abin da ke sauka milimita 400 ko kusa da haka, mafi yawa a Agusta. Ƙarancin ruwan ma da sauƙi, rabonsa ne ke karya manomi: a yi shuka, ruwa ya ɗauke mako uku, gero ya ƙone yana jariri, a sake neman iri. Tsofaffi na kiran yunwa da sunanta, Kakalaba ta wajen 1914, El Buhari ta 1984.

Kan tuddai akwai fako, ƙasa jajur mai tauri kamar daɓe. Ruwa ya sauka a kanta ya zarce ƙorama, bai shiga ko ɗan yatsa ba. A 1989 wani shirin FIDA, asusun bunƙasa noma na duniya, ya kai manoman yankin Yatenga ta Burkina Faso, suka ga yadda ake gyaran ramukan shuka, suka dawo suka kyautata tassa, wato ramukan shuka da ake haƙawa a fako don su riƙe ruwa.

Da rani ake haƙa ta. Faɗin rami santimita 20 zuwa 30, zurfi kamar taƙi guda, tsakanin rami da rami taku ɗaya, abin da zai ba ka kusan rami 10,000 a hekta. Ƙasar da ka fitar ka tara ta ɓangaren gangare, ta tare ruwa; wanda ya zuba ta sama ya toshe wa raminsa hanya da hannunsa. Sai taki cikin tafi ɗaya ko biyu. Gara za ta bi takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu wurin nutsewa. Layukan kuma a saɓa su, kada rami ya tsaya daidai bayan ɗan'uwansa.

Inda ake ɓata aikin sananne ne. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, sai wanda ya ruɓe. A jigawa wahalar banza ce, iska ɗaya yashi ya cike ramin. In kuma aka zurfafa fiye da kima a ƙasa mai laka, ruwan Agusta ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Aikin yana cin ƙarfi ƙwarai, ga shi lokacin haƙa samari sun tafi cin rani, shi ya sa mai hali yake ɗaukar 'yan ƙwadago.

Ina ganin fari na 1990 ne ya gamsar da mutane, da gonakin tassa suka ba da gero alhali na maƙwabta sun bushe. Daga nan fakon da ake bayarwa kyauta ya fara kuɗi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu shiga makarantar allo.