Rigimar 1953 ce ta haifa mana tarayya

Shekaranjiya bayan isha'i muna zaune a majalisarmu ta ƙofar gida aka tado maganar sake fasalin ƙasa, sai wani ƙanina ya ce ai tsarin tarayyar ma Turawa ne suka ƙaƙaba mana ba mu nema ba. Na ce masa a'a Malam, wannan kam ba haka take ba, tarayyar nan daga rigimarmu ta fito, kuma shugabannin Arewa na cikin waɗanda suka fi kafewa sai an yi ta. Na shiga gida abin bai bar raina ba.

Ran 31 ga Maris 1953 a majalisar wakilai ta Ikko, Anthony Enahoro na jam'iyyar AG (Action Group) ta Awolowo ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956. Sardauna Ahmadu Bello ya miƙe ya ce a cire shekarar, a sa "da zarar hali ya yi". Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne, a lokacin 'yan bokon Arewa ba su taka kara sun karya ba, in Bature ya tafi a 1956 to kusan duk kujerun aikin gwamnati daga akawu har babban sakatare mutanen Kudu ne za su hau. 'Yan AG da 'yan NCNC, jam'iyyar Azikiwe, suka fice daga zauren, a waje kuma jama'a suka yi wa wakilan Arewa ihu ana ce musu 'yan amshin shatan Turawa, haka suka hau jirgin ƙasa suka dawo rai a ɓace. A zaman nan ne Sardauna ya ce kuskuren 1914, wato haɗe Arewa da Kudu, ya fito fili.

Ba a huce ba sai ga Akintola, ɗaya daga cikin jiga-jigan AG, ya jagoranci tawagar jam'iyyar zuwa Kano wai za su yi wa talakawa bayani. Ran 16 ga Mayu faɗa ya ɓarke tsakanin Sabon Gari da Fagge, kwana huɗu ana yi, gwamnati ta ƙirga gawa 36. Duk sanda na bi ta wajen nan na tuna sai jikina ya yi sanyi wallahi, don waɗanda suka mutu ba su ne suka yi gardama a Ikko ba, 'yan kasuwa ne da leburori.

A watan nan dai majalisar dokokin Arewa da ta sarakuna a Kaduna suka fito da buƙatu takwas, taƙaicensu kowane yanki ya riƙe komai nasa, a bar wa tsakiya tsaro da harkar waje da kwastan kawai, kusan raba gari ke nan cikin ladabi. Nan fa sakataren mulkin mallaka Oliver Lyttelton ya ga ba shiri ya kira taro a Landan, aka ƙarasa a Ikko farkon 1954, ran 1 ga Oktoba 1954 ƙasar ta zama tarayya mai yanki uku, Sardauna a Kaduna, Awolowo a Ibadan, Azikiwe a Inugu.

Abin da ya fi burge ni a zamanin shi ne gasar da yankunan suka shiga. Kowa da hukumar sayen amfanin gonarsa, mu gyaɗa da auduga, Yamma koko, Gabas manja, kuma kuɗin a gida ake ganinsa. Awolowo ya buɗe firamare kyauta a 1955 ya kawo talabijin a 1959, Gabas ta buɗe jami'ar Nsukka a 1960, Arewa ta buɗe ta Zariya a 1962. Ba wanda ke zaman jiran kason wata.

Amma fa ginin da tsaga tun daga tushe. A zaɓen Disamba 1959 kujeru 174 cikin 312 na Arewa ne, wato yanki ɗaya ya fi sauran biyun a haɗe, shi ya sa ƙidayar 1962 da ta 1963 suka zama kamar yaƙi. Ƙananan ƙabilu sun yi ta kukan a ba su jihohinsu, kwamitin Willink da Turawa suka kafa ya saurare su a 1958 bai ba su ba, ƙasar Tibi ta kama da wuta a 1960 da 1964. Kakana ɗan jam'iyyar NEPU ne ta Malam Aminu Kano, ya sha ba mu labarin yadda 'yan doka ke tarwatsa musu lacca, yana cewa ƙarfin da aka ba yanki bai sauko kan talaka ba. Ina ganin gaskiyarsa.

Bayan an kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola a Janairu 1966, Janar Ironsi da ya karɓi mulki ya sa hannu a doka ta 34 ran 24 ga Mayu, ya soke tarayyar baki ɗaya. Ko mako ba a yi ba garuruwan Arewa suka ɗauki ihun "a raba", aka zubar da jinin Ibo masu yawa da ba su ji ba su gani ba, abin da har yau nake jin nauyinsa. Gowon da ya hau ya dawo da tarayya, sannan ran 27 ga Mayu 1967 ya yanka ƙasar jiha 12, Arewar da Sardauna ya riƙe dunƙule ta zama gida shida.